Babi na Shida: Kama da Wane Ba Ta Wane

Akwai wata tambaya da takan taso a zaure ko a gindin bishiya, idan dattawa suka idar da sallar La'asar suka zauna jiran Magariba, kuma irinta ce ake yi a garinmu Dukku, wadda ke ƙasar Rijau cikin masarautar Kontagora, ba Dukkun Gombe ba, don baƙi sukan rikita su. Tambayar ita ce, yaya za a yi mace ta shekara talatin a ɗakin mijinta, ta haifa masa 'ya'ya, ta aurar, ta ga jikoki, sa'an nan wata rana ya shigo kamar yadda ya saba, ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta ce wa ɗanta, "Kai, wane ne wannan da kuka bari ya shigo mini ɗaki?" In an ce mata, "Haba Inna, ai Baba ne," sai ta amsa da natsuwa, ba ihu ba zagi, ta ce lalle ta ga kamannin Malam, ta ga rigar Malam, har tabon nan da lauje ya bar masa a hannu ta gani, amma ta rantse da Wanda ranta ke hannunSa wannan ba Malam ba ne, wani ne aka kawo ya zauna a mazauninsa.

Masu zaure ba su rasa amsa. Wani zai ce farraƙu ne aka yi musu, a bincika kishiya. Wani ya ce aljani ne ya aure ta yana kishi da mijin. Wani kuwa, wanda ya fi su kaushin harshe, ya ce babu wani aljani, ta gaji da auren ne ta rasa ƙofar fita. Abin da wannan babi zai nuna shi ne cewa likitoci sun san wannan larura da sunanta yau shekara ɗari, sun gano wani abu mai yawa game da inda take kama ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa tana jin magani.

Musaya a bakin kakanninmu

Ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe a ce an ɗauke wani an ajiye mai kama da shi. Tun muna yara ake tsawata wa mai jego kada ta bar jariri shi kaɗai a ɗaki, sai ta ajiye wuƙa ko wani ƙarfe a wajen kansa, don tsoron kada aljanu su yi musaya. Kuma idan yaro ya tashi wuyansa bai tsaya ba, ya shekara biyu bai zauna ba, akan sami masu raɗa cewa ɗan ruwa ne, na gaskiyan yana can wurinsu, alhali mafi yawan irin waɗannan yara wahalar haihuwa ce ko shawara mai tsanani ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Tatsuniyoyinmu cike suke da dodon da ya rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi ya auri budurwa mai ruwan ido. Har a wasu littattafan tafsiri akwai ƙissar wani shaiɗani da aka ce ya ɗauki surar Annabi Sulaiman, alaihis salamu, ya hau karagarsa, ko da yake muhaƙƙiƙai irin su Ibn Kasir sun nuna cewa daga Isra'iliyyat ƙissar ta shigo.

Na kawo waɗannan ne domin mai karatu ya lura da wani abu da za mu koma gare shi: mara lafiya ba ya ƙirƙiro bayaninsa daga sama, abin da ya tarar a bakin mutanen garinsu da shi yake ɗinke ɓarakar da cuta ta yi masa. Na Dukku zai ce aljani ne ya rikiɗa, ko kuwa, a wannan zamani da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Rijau da maƙwabtanta, ya ce mai kai musu rahoto ne aka shigo da shi cikin gida. Na Amurka zai ce mutum-mutumin inji ne aka ƙera da kamannin matarsa. Riguna sun bambanta, mai sanye da su guda ne.

Matar da ta ƙirga mazaje tamanin

A shekarar 1923 wani likitan ƙwaƙwalwa na Faransa, Joseph Capgras, tare da mataimakinsa Jean Reboul-Lachaux, suka bayyana wa takwarorinsu labarin wata mata mai shekara 53 a birnin Paris, wadda suka sakaya sunanta suka kira ta Madam M. Wannan baiwar Allah, wadda yawancin 'ya'yanta suka rasu tun suna ƙanana, ta tsaya kai da fata cewa ba mutuwa suka yi ba, sace su aka yi, cewa ɗiyarta guda da ta rage an musanya ta, kuma mijinta na gaskiya ya ɓace tuntuni, abin da take gani a gida jerin masu kama da shi ne, wannan ya tafi wancan ya zo, har ta ƙirga kimanin tamanin. Daga sunan wannan likita aka raɗa wa larurar suna, ake ce da ita cutar Capgras har gobe.

Abin da ya ba likitocin nan mamaki shi ne idonta lafiya lau yake, tunaninta na abin da ya wuce bai gushe ba, kuma ita da kanta take lissafa inda kamannin suka dace, sa'an nan ta kafa hujja da wani ɗan ƙanƙanin bambanci wanda ba ya wuce irin sauyin da kowace fuska take yi tsakanin safiya da maraice. Saboda haka suka karkata ga cewa aibin yana wajen ji a rai, ganin kuwa ba abin da ya same shi. Da an bi wannan sawu da an isa da wuri. Amma zamanin na almajiran Sigmund Freud ne, sai aka shafe shekaru ana fassara larurar da cewa ƙiyayya ce ɓoyayya da mara lafiya ke yi wa makusancinsa, wadda kunya ta hana shi furtawa, sai ya raba mutumin biyu, ya ci gaba da son na ɓoye, ya tsani na fili. Mai karatu zai ga cewa wannan fassara, duk da manyan kalmominta, ba ta da nisa da maganar dattijon zauren nan mai kaushin harshe. Abin da ya rushe ta shi ne samun mutanen da ke zaune lafiya da iyalinsu har ranar da mota ta kaɗe su, suka farfaɗo da wannan larura. Ba a kuwa taɓa jin buguwa a kai ta haifar da tsohuwar ƙiyayya ba.

Shaidu biyu

Mafi sauƙin hanyar fahimtar abin da masana suka gano daga baya ita ce mu shiga majalisar alƙali. Sananne ne cewa da'awa ba ta tabbata a mafi yawan mas'aloli sai da shaidu biyu adalai waɗanda maganarsu ta dace. To haka ganewar fuska take a cikin ƙwaƙwalwa, ko da yake saurin abin ya sa ba mu lura. Idan mahaifiyarka ta ɓullo daga ƙofa, shaida na farko, wanda ke aiki da abin da ido ya kawo, yakan auna goshi da hanci da tazarar idanu da zanen da ke kumatu, ya ce wannan wance ce. Shaida na biyu ba ya magana da suna, da jiki yake magana: wani ɗumi ne da ke sauka a ƙirji, wata natsuwa da ba ka ji idan baƙuwa ce ta shigo. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan shaida, shi ya sa yake cewa "jikina ya ba ni", ko "jinina bai haɗu da shi ba", ko "raina ya kwanta da ita". Tsohon ɗan kasuwa ma, idan aka miƙa masa takardar kuɗi ta jabu, yakan ji a yatsunsa cewa da walakin tun kafin ya iya nuna inda aibin yake.

Wannan shaida na biyu ana iya auna shi. Duk lokacin da mutum ya ga fuskar da ke da matsayi a zuciyarsa, fatar hannunsa takan tsatso da wani gumi ƙanƙane wanda ido ba ya gani, amma idan aka ɗaura wayoyi biyu a yatsu aka haɗa da na'ura, allurarta takan motsa. To, akwai wata larura dabam, makantar fuska, wadda likitan Jamus Joachim Bodamer ya raɗa wa suna a 1947, inda mutum ke ganin komai sarai amma ba ya iya bambance fuskar matarsa da ta maƙwabciya sai ta yi magana. A 1984 wani masani a Amurka, Russell Bauer, ya ɗaura wa mai irin wannan larura na'urar nan, sai ya tarar cewa ko da yake bakinsa na cewa bai san mai hoton ba, fatarsa tana amsawa idan aka ambaci sunan da ya dace da fuskar. Wato shaida na farko ya faɗi, na biyu yana tsaye.

Daga nan wasu masana biyu na Birtaniya, Hadyn Ellis da Andrew Young, suka yi ƙiyasi a 1990, suka ce in dai haka ne, la'alla cutar Capgras ita ce kishiyar wannan, inda shaida na farko ke tsaye na biyu ya faɗi. A 1997 aka jarraba wannan ƙiyasi a kan marasa lafiya biyar, aka nuna musu hotunan sanannun fuskoki gauraye da na baƙi, aka tarar fatarsu ba ta bambance waɗannan da waɗancan. A cikin shekarar kuma William Hirstein da V. S. Ramachandran suka bayyana labarin wani saurayi ɗan asalin Barazil, wanda ya yi mako uku a some bayan haɗarin mota, ya farfaɗo yana cewa iyayensa sojan gona ne masu kama da iyayensa; amma abin al'ajabi, da zarar mahaifinsa ya kira shi ta wayar tarho, sai ya gane shi nan take, ya yi hira da shi irin ta ɗa da uba. Hanyar da ke tsakanin ido da zuciya ce ta yanke, ta kunne tana nan. Wanda ya tuna ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salamu, yadda 'yan'uwansa masu ido suka tsaya gabansa ba su shaida shi ba, mahaifinsa kuwa da ganinsa ya tafi ya ji ƙanshinsa daga nesa, ba zai yi mamakin cewa ganewa tana da ƙofa fiye da ɗaya ba.

Yanzu sai mu koma ɗakin Inna. Shekara talatin, duk shigowar Malam shaidun nan biyu suna magana tare. Yau na farko ya ce shi ne, na biyu ya yi gum, irin shirun da yake yi idan baƙo ne. Me ya rage wa hankali ya yanke, in ba kama da wane ba ta wane ba?

Idan alƙalin ma ba shi da lafiya

Sai dai mai hankali zai yi i'itirali ya ce, to ai ni ma in na ji baƙunta game da matata, ba zan ce an musanya ta ba, zan ce yau dai ban ji daidai ba, in nemi magani. Wannan i'itirali yana da ƙarfi, kuma masana sun karɓe shi, domin an sami mutanen da rauni a gaban ƙwaƙwalwa ya kashe musu wannan amsawar fata, amma ba su taɓa cewa an sauya musu iyali ba. Saboda haka Max Coltheart da abokan aikinsa a Ostireliya suka ce lalle illa biyu ce take haɗuwa: shaida ya faɗi, sa'an nan shi kansa alƙalin, wato sashen da ke auna zato ya jefar da wanda hankali ba zai ɗauka ba, ya sami rauni, kuma hotunan ƙwaƙwalwar irin waɗannan marasa lafiya sukan nuna lahani a ɓangaren dama, musamman ta wajen goshi. Alƙali lafiyayye, in aka kawo masa da'awar cewa an sace mutum an kawo wani mai irin tabonsa da irin tarinsa wanda ya san bashin da ake bin gidan, zai kore ta tun kafin a zauna. Wanda ya raunana kuwa sai ya karɓa, ya buga hatimi, kuma kowace hujja aka kawo masa daga baya sai ta zama ƙarin tabbaci cewa maƙarƙashiyar ta yi zurfi.

A nan ne amsar abin da ya fi ɓata wa iyali rai take, wato me ya sa sai mafi kusa ake ƙi. Inna za ta gaisa da mai tallan manja lafiya, ta gane maƙwabta, amma ta ƙi Malam. Dalili kuwa shi ne mai manja bai taɓa saukar mata da wani ɗumi a ƙirji ba, don haka ba ta rasa komai game da shi. Wanda ya fi cika zuciya shi ne rashinsa ya fi barin rami. Da dattijon zauren ya san wannan, da ya gane cewa abin da ya ɗauka alamar ƙiyayya shi ne ma'aunin ƙaunar da ta gabata.

Ƙofofin da take shigowa

Cutar Capgras alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama, kuma aikin likita na farko shi ne gano abin da ke ƙarƙashinta. A wurin matasa ta fi zuwa tare da ciwon nan mai ruɗa tunani da likitoci ke kira sikizofiriniya, inda mutum ke jin muryoyi yana zargin ana ƙulla masa sharri. A wurin tsofaffi ta fi zuwa da gigin tsufa, musamman nau'in da ake dangantawa da likita Friedrich Lewy, wanda alamominsa su ne gane-ganen mutane ko dabbobin da babu su, da sanƙarewar jiki da tafiyar ja da ƙafa, da hankalin da ke zuwa yana komawa cikin yini guda. Tana biyo bayan buguwa a kai, abin da ya kamata samarinmu masu gudu da babur ba hular kwano su ji. Tana biyo bayan shanyewar ɓarin jiki, da farfaɗiya, da shaye-shaye. Takan bayyana na 'yan kwanaki cikin gigitar zazzaɓi mai zafi ko ciwon mafitsara a jikin tsoho. Takan kuma kama mace a makonnin farko na jego, ta dubi jaririnta ta ce ba wanda ta haifa ba ne. Wannan na ƙarshe shi ne mafi gaggawa duka, kuma shi ne ya fi saurin shigewa ƙarƙashin zancen musaya ba a lura ba.

Zama da mai wannan larura

Abu na farko da iyali ke yi shi ne musu, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. A ɗauko hoton biki, a kira limamin da ya ɗaura auren, a sa Malam ya faɗi abin da ba wanda ya sani sai su biyu. Duk wannan kai ƙara ne gaban alƙalin da muka riga muka ce ba shi da lafiya. Ana ba da labarin Ibn Sina, kamar yadda wani marubucin Farisa na ƙarni na 12 ya kawo, cewa an kira shi ga wani ɗan sarki da ya ɗauka shi saniya ce, ya ƙi ci, yana roƙon a yanka shi. Sai Ibn Sina ya shigo da wuƙa a matsayin mahauci, ya tattaɓa shi, ya ce wannan saniya ta rame, sai an yi mata kiwo tukuna, da haka mara lafiya ya karɓi abinci da magani a ciki har ya warke. Ni dai abin da nake ɗauka daga wannan hikaya shi ne barin jayayya da sa ido ga abin da zai amfani mara lafiya. Amma ban ga kyawun a gaskata masa ruɗunsa ba, domin in ka ce wa Inna lalle wannan ba Malam ba ne, ka tabbatar mata akwai ƙato a gidanta. Tsakanin musu da gaskatawa akwai hanya ta uku, ita ce a amsa wa tsoron a bar da'awar. Ɗanta zai iya cewa, "Inna, na ga hankalinki ya tashi. Ina nan tare da ke, ba abin da zai same ki." Wannan ba ƙarya a cikinsa, ba kuma gardama.

Abu na biyu shi ne a bi ta ƙofar da ba ta rufe ba, wato kunne. A nan al'adarmu ta riga likitoci, domin abin da suke koya wa iyalai a Turai, cewa mutum ya fara magana tun kafin a gan shi, shi ne abin da kowane magidanci Bahaushe yake yi in ya yi gyaran murya a zaure ya yi sallama daga bakin ƙofa. Sai dai a ƙara tsawaita shi: Malam ya tsaya bayan labule ya yi sallama, ya kira ta da sunan da ya saba kiranta, ya tambayi kwanan yara, ya ci gaba da magana yana shigowa, don muryar ta riƙe hannun fuskar. In duk da haka ta ƙi shi, kada ya tsaya ja-in-ja. Ya fita, ya ba da ɗan lokaci, ya sake sallama, domin sau da yawa wanda aka kora ɗazu shi ake tara da murna anjima, har a kai masa ƙarar wancan. In ta ƙi abinci daga hannunsa don tsoron sammu, a bar wadda ta yarda da ita ta ba ta. A kuma lura cewa ruɗewar tsofaffi takan tsananta da almuru, lokacin da haske ya rage inuwa ta yawaita, wanda shi ne lokacin da mutane suka fi danganta wa iskoki. Kunna fitila da wuri, da duba ko yanar ido ko rashin ji sun ƙara mata duhu, sukan rage abin ƙwarai.

Akwai wata magana da kunya takan hana a faɗa, amma wajibi ce. Matar da ta rufe fuska daga mijinta a wannan hali, a iyakar saninta, tana kare mutuncinta ne daga ajnabi. Saboda haka mijin da ya ce zai nemi haƙƙinsa da ƙarfi, ya sani abin da zai auku a zuciyarta shi ne abin da ke aukuwa ga wadda baƙo ya afka wa. Malamanmu na fiƙihu sun tabbatar da cewa taklifi yana tafiya ne tare da hankali, shi ya sa sakin wanda hankalinsa ya gushe ba ya aukuwa. A kan wannan asali bai dace a yi gaggawar kiran irin wannan mata nashiza ba, ko a ɗauki furucin mijin da ke cewa "wannan ba matata ba ce" a matsayin saki, sai an kai maganar gaban alƙali masani tare da bayanin likita.

Sa'an nan hatsari. Mafi yawan masu wannan larura ba su cutar da kowa, tsoro ne ya fi yawa a cikinsu. Amma wanda ya yi imani cewa an sace matarsa kuma ga ɓarawon nan zaune a ɗakinta, yana iya ganin kai farmaki jarumta ce. A tsibirin Ayalan, maƙwabcin Ingila, a watan Maris na 1895, wani mutum mai suna Michael Cleary ya ƙone matarsa Bridget har lahira, yana mai cewa iskoki sun ɗauke ta sun bar masa mai kama da ita, wasu dangi kuma suna cikin gidan, domin su ma sun taso da irin wannan imani. A ƙasar noma irin tamu, inda adda da gatari da bindigar toka ke rataye a kowane gida, wajibi ne a kawar da su tun ranar farko. In mara lafiya ya fara zancen sai ya tilasta wa baƙon ya faɗi inda aka ɓoye na gaskiyan, a raba su nan da nan. Mai jego kuwa da ta ce an sauya mata ɗa, kada a bar ta da shi su biyu ko na ƙiftawar ido, kuma a kai ta asibiti a ranar.

Malam da likita

Ba na cikin masu cewa a bar addu'a. Gidan da aka karanta Alƙur'ani aka yi ruƙiyya ta shari'a cikin natsuwa, mara lafiya da masu jinya duk sukan sami sauƙin zuciya, kuma neman magani da tawakkali ba su taɓa zama kishiyoyi ba a wurin magabata. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 ya kasance a zamaninsa yana da sashen masu taɓin hankali. Abin da nake ƙi shi ne duka da sunan fitar da aljani, da turaren barkono, da sanya mari a ƙafa, waɗanda ba abin da suke yi sai tabbatar wa mara lafiya cewa waɗannan mutane ba nasa ba ne, don nasa ba za su yi masa haka ba. Duk wanda ya ga hotunan mutane fiye da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, da yawansu da sarƙa a ƙafa, ya san inda wannan hanya take kaiwa. Kuma tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa ana iya jinyar masu taɓin hankali a cikin ƙauye, kowane da ɗan'uwansa a gefe, masu maganin gargajiya suna taimakawa, likita yana ba da nasa. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba irin waɗannan bayin Allah haƙƙoƙi a rubuce.

Ga mutumin Dukku, matakin farko shi ne asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Kontagora, don a auna zazzaɓi da hawan jini da sukari, a duba fitsari, a tambayi tarihin faɗuwa ko haɗari da abin da mara lafiya yake sha. Domin in sababin gigitar zazzaɓi ce ko wata ƙwaya, da an kawar da shi ruɗun yakan bi shi. In abin ya wuce nan, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato da kuma Barnawa a Kaduna. Tafiyar da nisa, hanya ba ta da aminci kullum, likitocin wannan fanni kuma 'yan kaɗan ne a ƙasar baki ɗaya. Don haka wanda zai raka mara lafiya ya kasance wanda ya san farkon abin, ya kuma faɗa wa likita maganar yadda take ba tare da sakayawa ba, cewa tana ce wa mijinta ba shi ba ne, maimakon ya tsaya ga "ba ta barci" ko "tana sambatu".

Magungunan da ake bayarwa, irin su risperidone da olanzapine da haloperidol, ba su aiki dare ɗaya. Sukan ɗauki makonni, kuma sauƙin yakan zo a hankali, mara lafiya ya fara daina tsoron baƙon, sa'an nan ya daina zancensa, kafin wata rana ya kira shi da sunansa. Wasunsu sukan kawo rawar hannu ko sanƙarewar wuya ko dalalar miyau, abin da ke sa iyali su watsar da su a ce maganin ya fi cutar; daidai shi ne a koma wa likita ya rage ko ya sauya. Gargaɗi guda kuma da nake so a riƙe da kyau: kada a je kemis a sayo wa tsoho irin waɗannan ƙwayoyi don a kwantar da shi, domin masu gigin tsufa nau'in Lewy jikinsu ba ya ɗaukar su, ƙwaya kaɗan tana iya sanƙarar da su ko ta kai su ga halaka, su akwai wasu magunguna dabam, irin su donepezil da rivastigmine, da likita yakan fara da su. A gigin tsufa ba a cika samun warkewa ɗungurungum ba, abin yakan zo ya tafi, kuma Malam, wanda ake kora daga ɗakinsa da safe a neme shi da yamma, shi ma yana bukatar wanda zai karɓe shi jinya ya zauna da shi a zaure ya saurare shi.

Duk abin da muka faɗa ya shafi wanda yake ganin baƙo a fuskar nasa. Amma shekara huɗu bayan bayanin Capgras, a 1927, wasu likitoci biyu na Faransa, Courbon da Fail, suka gamu da wata mata mai akasin wannan: ita baƙin da take gamuwa da su a titi take ɗauka mutanen da ta sani ne, suna sauya kama suna bin ta. Suka raɗa wa larurar sunan Leopoldo Fregoli, ɗan wasan Italiya da ya shahara da sauya shiga cikin ƙiftawar ido. Yadda shaida na biyu, wanda a wannan babi ya yi shiru, yake zama mai yawan magana har ya shaidi wanda bai taɓa gani ba, shi ne abin da za mu duba a babi na bakwai, in Allah Ya yarda.